Ranar da Malam Ya Kai Wanki Teku

Wai me ke tura ruwa ya hau tudu alhali sama tas take, babu hadari, babu ko yayyafi? Na tambayi ɗana, ya ce wata ne ke jan sa. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ikon Allah ne, abin da na sani tun ba a haifi limamin ba. Maganar wata kuwa, da rana tsaka abin ya faru a gabana, ban ga wata ba, ban ga igiyar da ya ja ruwan da ita ba. Mutum ɗaya da za mu zauna mu yi ta gardamar nan da shi har a kira magariba, shi ne ya tafi ya bar ni. Ke dai ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. In kin ji na yi shiru kuka nake yi, ki jira ni, ba na daɗewa.

Malam, mijina, mai wanki ne. Ba malamin karatu ba ne, ni ce dai nake kiransa haka tun ina amarya don ba na iya kama sunansa. Tun kafin a kai ni gidansa yake bakin gulbin Wudil da sabulu da bula da katakon bugu, har gashin kansa ya koma launin kumfar da yake tayarwa. Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ne: tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa ɓatar wa mutum ko hankici ba. Ni kam ya taɓa mantawa da ni a tashar mota, sai da ya isa gida ya ci tuwo a wurin matar wansa sannan ya tuna yana da mata. Amma hular wani, a'a. In kana gaishe shi ba fuskarka yake kallo ba, rigarka yake yi wa hisabi. Daga masallaci ma sai ya dawo yana ba ni labarin wanda ya tsaya a gabansa a sahu, wai a gidansu ba a ɗauraya da kyau. Na ce, Malam, sallar fa? Ya ce Allah ya san zuciyarsa, kuma Allah ma mai son tsabta ne.

Ɗanmu na fari, wanda shi ma ba zan kama sunansa ba, ya daɗe a Doha. Shi ne babba a kan masu gadin wani dogon bene a unguwar Dafna. Ya aiko mana da takardu muka je ganinsa, mu biyu, tsofai-tsofai. A unguwar Firij Abdul Aziz yake zaune, cikin wani tsohon gida da aka yayyanka ɗaki-ɗaki da katako, in maƙwabci ya yi atishawa kai za ka ce masa yarhamukallah. Ɗakin girki ɗaya, bayi ɗaya, injin wanki ɗaya a bakin ƙofa. Cikin mutanen gidan akwai wata nas 'yar Jos, Kirista, mai dariya da dukkan jikinta, wadda tun ranar da muka sauka ta mai da mu Baba da Mama.

Injin nan shi ya zama abokin gabar Malam. Sai ya jawo kujera ya zauna gabansa yana leƙa gilashin nan mai zagaye yana tsaki.

"Dubi, dubi. Juyi kawai yake yi kamar mai tuƙa tuwo. Ya san inda dauɗa take? Ya san hammata?"

Ɗan namu kuwa ya kafa masa doka tun daren farko. Ya ce, "Baba, hutu na kawo ka. Kada in ga hannunka a cikin ruwa sai na alwala." Har bokiti ya ɗauke ya ɓoye. Wannan da sauƙi. Wata rana muna ɗaki muka ji shi ta bayan katako, wani ya tambaye shi aikin mahaifinsa, ya ce, "Harkar tufafi yake yi." Malam ya ji, ni ma na ji. Na jira ya yi tsaki bai yi ba. Mutumin da ke yi wa ƙuda faɗa in ya sauka a kan shanya, ranar nan ko tari bai yi ba, a nan na san abin ya shige shi.

Hutun nan cin sa ya riƙa yi. Abinci ya daina wuce masa, ya riƙa nuna mini tafin hannunsa wai ya yi laushi kamar na mai jego. Kullum da safe ɗansa zai fito cikin farar rigar aiki mai tambari a ƙirji, Malam ya bi shi da ido har ƙofa, sannan ya juyo gare ni.

"Kin ga farin nan? Ba fari ba ne, toka-toka ne. Ɗana ne babba a wurin aiki, kuma da wannan yake tsayawa gaban mutane. Sau ɗaya dai in wanke masa da hannuna kafin mu koma. Sau ɗaya."

Abin da yake so ke nan, ba Makka ba, ba Madina ba, rigar ɗansa a cikin ruwa.

Nas ce ta shirya mana yawo a jirgin ruwa. Ta ce ba za mu koma gida ba mu ga teku sai ta tagar mota ba, akwai ƙaramin jirgi da ke ɗaukar mutane kaɗan ya kai su tsibiri, a tsaya a hanya a yi iyo, a gasa kifi, a dawo da yamma. Aka sa ranar Asabar, hutun ɗan namu. Kafin nan ya taɓa kai mu Wakra, wani gari a bakin teku, sayen kifi, inda Malam ya ga jirage kwance a kan taɓo, sun karkata, ruwa can nesa da su. Ya girgiza kai ya ce rani ya yi wa mutanen nan ɓarna bana, dubi yadda ruwa ya janye. Ɗansa na can yana ciniki bai ji ba, ni kuwa na ce Allah ya kawo musu damina mai albarka.

Da safiyar Asabar ɗin na shigo ɗaki na tarar da shi tsugune kan jakar da muke sa dardumar salla. Ya kwashe rigunan aikin ɗansa daga kwandon dauɗa, kaf, da wanduna, yana cusawa ƙarƙashin darduma. Ga sandar sabulun da ya taho da ita daga gida, ga bula ɗaure a tsumma.

Na ce, "Malam."

Ya ce, "Ke."

Nan maganar ta ƙare. Mun daɗe tare, wani zancen ba ya bukatar fiye da haka.

Jirgin bai kai ɗakin nan biyu ba, da rumfa a sama. Matuƙin wani siririn mutum ne daga wajajen Indiya, ba abin da ke fita bakinsa sai yalla, yalla, wato mu je. Bayan mu uku da nas, akwai wani Bature da matarsa, da 'yan mata biyu 'yan Filifin da suka zo ɗaukar hoton kansu, tekun kuwa in ta ga dama ta shiga bayansu. Aka ɗaura wa kowa wata riga mai ruwan lemo da ke hana nutsewa. Malam ya sa tasa a kan kaftani, ya rungume jaka a cinya, ya koma kamar kabewar da aka sa wa hula. Ɗan namu ya sha farar jallabiya da baƙin tabarau, ya zauna a gaba kamar shi ya sayi jirgin. Da muka yi nisa ya juya ya nuna mana benensu cikin dogayen nan na Dafna, suna ta walƙiya. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk gilashin nan wa ke wankewa?"

A tsakiyar ruwa matuƙi ya kashe inji ya jefa ƙarfen da ke tsayar da jirgi, wai a nan za a fara iyo. Babu gaɓa, babu tudu, a sauka kawai cikin abin da ba a ga ƙasansa sosai ba. Kafin in gama mamaki Bature ya tuɓe, ya rage daga shi sai wani ɗan kamfai da hankicin Malam ya fi shi faɗi. Matarsa ma ba ta bar wa masu hasashe komai ba. Malam ya yi a'uziyya ya kau da kai, can kuma na ga ya saci kallo. Na zungure shi.

"Me kake kallo, tsoho?"

"Kamfan mijin. Shuɗi ne da, rana ta cinye shi. A inuwa ake shanya irin wannan."

Nas ta faɗa ruwa da doguwar riga da wando, ta ɗago kai tana kira, "Mama, ki zo mana! Ko ƙafa ki sa!" Na ce ni da ruwa sai a buta. Ta matsa, ta matsa, har na je na zauna a kan matakalar ƙarfen da ke bayan jirgi na tsoma ƙafa. Ban san yadda aka yi ba, ko santsi ko ita ta ja ni, sai ga ni tsundum har wuya. Zanina ya kumbura ya taso ya kewaye ni kamar laima, na yi salati da ƙarfin da 'yan Filifin suka bar hoto. Amma rigar lemon nan ta riƙe ni. Ruwan kuwa da ɗumi, irin wanda ake yi wa jariri wanka da shi. Gwiwoyina da suka shekara suna zagina suka yi shiru. Na ji ba ni da nauyi, ni da ake tayarwa daga tabarma da hannu biyu. Sai da aka roƙe ni na fito, kuma ki rubuta haka, don ɗana yana cewa kuka na yi.

Malam bai shiga ba. Ya dai sunkuya ya ɗebo a tafin hannu, ya murza da yatsu, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya raɗa mini a kunne, "Gishiri ne kamar na hauka. Amma ai kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, kuma kin san yadda take fitar da dauɗa. Wannan ruwan da ƙarfinsa ya zo, rabin aiki ya riga ya yi." Idonsa har ƙyalli yake.

Tsibirin da aka kai mu yashi ne zalla, babu bishiya ko ɗaya, sai 'yan gajerun ciyayi da tsuntsaye da suka yi wa wurin fenti da kashinsu. Matuƙi ya kafa rumfa, ya hura gawayi, kowa ya cire rigar lemo. Sai ya yi wata doguwar magana yana ɗaga tafin hannu daga gwiwa zuwa ƙugu. Nas ta ce, "Wai kowa ya ajiye kayansa can sama, anjima ruwa zai taso."

Malam ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi yamma. Sama wankakkiya.

"'Yata, gaya masa a bakin gulbi aka yanke mini cibiya. Ruwa ba ya tashi sai an yi ruwa a wani wuri, kuma kafin ya iso sai ya aiko da jan ƙasa da karmami. Ya ga hadari?"

Nas ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka wasa yake, ba ta gaya wa kowa komai ba.

Malam ya ce zai zaga ya kama ruwa, ni in riƙe masa jaka. Muka bi gaɓa muka sha kwana har rumfa ta ɓace mana. Nan ya naɗe hannun kaftani, ya tattare wando, ya shiga ruwa zuwa ƙauri, ya yi bisimilla. Wallahi a take shekaru suka zube daga bayansa. Ya jiƙa rigar farko, ya kama sabulu ya goga. Ya sake gogawa. Ya cuɗa. Babu kumfa. Sai wani farin abu mai yauƙi da ke tsinkewa kamar nonon da ya lalace.

"Sabulun nan ya sha iska a jirgin sama," in ji shi.

Ya goga da ƙarfi har jijiyoyin wuyansa suka fito. Shiru. Ya miƙe ya dafa ƙugu ya fuskanci teku gaba ɗayanta, kamar yadda yake fuskantar mai kayan da ya zo da rainin hankali.

"Ke, duk girman nan naki na banza ne? Kududdufin bayan gidanmu ya fi ki sanin aiki. Wa ya raine ki?"

Na ce, "Malam, mu mayar da kayan nan jaka tun ba a gan mu ba."

"In mayar da kaya da dauɗarsu? A jiƙe? Ke kin taɓa ganin na yi?"

Haka ya wanke su ba kumfa, da ƙarfin tuwo da taurin kai, yana cuɗawa yana faɗa. Babu dutsen da zai buga a kai, sai ya riƙa bugawa a cinyarsa. Bula kuwa da ya kwance ya tsoma, ko'ina ta tafi ban da cikin riga. Da ya gama, maganar shanya ta taso. Can sama yashin duk kashin tsuntsu ne da ƙaya. Amma dab da ruwa akwai wani fili shimfiɗaɗɗe, mai tauri, sumul kamar an yi masa daɓe, ko tsinke babu. Malam ya tsaya yana sha'awarsa.

"Allah ya yi wa wanda ya share wurin nan albarka."

Ba mu tambayi kanmu wa ke share shi kullum ba. Ya shimfiɗa rigunan da wandunan a jere, ya miƙe hannuwansu, ya danne gefe-gefe da 'yan kwasfar katantanwa, ya ja da baya ya duba kamar mai duba gona. Sannan muka koma wurin rumfa, shi a gaba, yana tafe kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure.

Ranar nan ya ci abinci. Kifi gasasshe da shinkafa, ya ci nasa ya taɓa nawa. Ɗansa har ya ce, "Kin gani, Inna? Iskar teku ce. Na gaya miki hutu yake bukata." Muka yi sallar azahar a kan yashi, muka kishingiɗa a inuwa. Turawan suka koma ruwa, 'yan Filifin suka koma hoto. Na lura jirginmu da muka bari hancinsa a kan yashi yanzu yana rawa a ruwa, amma na ce ƙila matuƙi ne ya tura shi.

Can sai ga Bature ya fito daga ruwa yana dariya, ja wur kamar an yi masa wanka da manja, ɗauke da wani abu a sama yana kaɗawa. Baƙin wando ne. A ɗaya hannun kuma farar riga. Yana ta magana da Turanci, da alama yana tambayar ko wani ya nutse ya bar kayansa. Ɗan namu ya cire tabarau. Ya karɓi rigar ya juya ta, ya ga tambarin da ke ƙirji. Ya dube ni, na dubi tsuntsaye. Ya juya wurin ubansa, amma uban ya riga ya tashi.

Ban taɓa sanin akwai sauran gudu a jikin tsohon nan ba. Muka bi shi duka. Da muka sha kwana, filin nan mai daɓe babu shi, ruwa ya hau ya shafe shi kamar ba a taɓa yin sa ba. Kayan kuwa suna yawo a kai, kowanne ya kama gabansa. Malam ya faɗa ciki da kaftaninsa. Ya cafko wando ya wurgo mini, ya cafko riga ya rataya a kafaɗa. Saura riga ɗaya da ta yi nisa, tana tafiya a hankali. Ya bi ta, ruwa a ƙugu, ruwa a ƙirji. Sai ƙasa ta ƙare masa. Na ga hularsa a sama, ban ga shi ba.

Dakata. Ba ni ruwa in sha.

Ɗan namu da tun safe ko yatsa bai tsoma ba, shi ya afka da jallabiyarsa da wayarsa a aljihu. Matuƙi ya wurga musu wata taya mai igiya. Ɗan ya damƙo uban ta bayan wuya ya jawo shi inda ƙafa ke taɓa ƙasa, uban na tari yana tofar da gishiri yana kuma fizgewa zai koma.

"Baba, riga ce fa! Riga!"

"Kayan mutane ne, sake ni."

"Waɗanne mutane? Tawa ce! Ni ne, ɗanka!"

"Wanda ya ba da wanki mai kaya ne, ko ni na haife shi."

"Ni ban ba ka ba, ɗauka ka yi!"

"To ka ga, abin ya fi muni."

Suna cikin haka rigar ta wuce inda hannu zai kai. Bature ya yi iyo ya bi ta, ya gaji ya dawo. Muna tsaye muna kallo ta buɗe hannuwa ta lula, fara fat a kan shuɗin ruwa, kuma in faɗi gaskiya daga nesa ta fita sosai.

Aka zaunar da Malam a ƙarƙashin rumfa, aka lulluɓa masa tawul ɗin matar Bature mai hoton kifaye. Nas ta kama hannunsa tana duba bugun jini, ta kara kunne a bayansa ta ce ya ja numfashi. Ruwa na ɗiga daga gemunsa, idonsa na kan inda rigar ta bi. Na taɓa ganinsa a ranar da aka binne mahaifiyarsa, fuskar nan ce dai.

Nas ta ce, "Haba Baba, me ya kai ka? Kai da kake babban ɗan kasuwar tufafi, riga ɗaya za ta sa ka kashe mana kanka?"

Ɗan namu na tsaye, jallabiya ta manne masa a jiki, wayarsa tana zubar da ruwa a hannunsa. Ya dubi ubansa. Sannan ya ce, "Ba ɗan kasuwa ba ne. Ubana mai wanki ne. A bakin gulbi yake wanki, da hannu, tun ba a haife ni ba. A garinmu babu kamarsa." Ya juya ya sake faɗa da Turanci don Turawa da 'yan Filifin da matuƙi su ji.

Ni har na fara share ido da gefen mayafi. Malam ya ɗago kai a hankali ya dube shi.

"Duk kwanakin nan ba ka faɗa ba, sai yau da na ɓatar da riga? Yanzu me mutanen nan za su ɗauke ni?"

A hanyar dawowa an sake tsayawa iyo, amma daga ɓangarenmu babu wanda ya motsa. Na shanya kayan da aka ceto a kan ƙarfen gefen jirgi. Kafin mu hango gari sun bushe, sun sanƙare kamar kilishi, ga zane-zanen gishiri a jikinsu. Wando ɗaya na jingina shi da kujera ya tsaya da kansa. Matuƙi ya miƙo wa Malam shayi mai madara a ɗan kofi, ya dafa kafaɗarsa ya ce khalas, khalas, wai ya wuce ke nan. Malam ya karɓa ya riƙe har ya huce. Washegari kuma Lahadi, can ranar aiki ce, ɗanmu ba shi da abin sawa sai waɗannan allunan.

Mun isa gida rana ba ta faɗi ba. Malam ya shige ɗaki ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Jim kaɗan na ji ana jan abu daga ƙarƙashin gado a ɗakin ɗanmu. Sai ga shi da bokitin da ya ɓoye, cike da ruwan famfo, ya ajiye a tsakar gida inda kowa ke wucewa, dab da injin. Ya zo bakin ƙofarmu ya durƙusa da kayan a hannu.

"Baba, gobe ina da aiki. A taimaka mini."

"Ka kai wa injinka. Shi bai taɓa ɓatar maka ba."

"Shi bai san hammata ba."

Malam ya gyara kwanciya. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ruwa ɗaya ba zai isa ba. Sai an fitar da gishirin tukun. Ka samo wani bokitin, ka tsaya kana zubo mini, kuma kada ka yi mini surutu."

Ya fito, ya tsuguna, ya ɗauraye su har ya gamsu, sannan ya goga sabulun nan da ya yi wa sharri a tsibiri. Kumfa ta taso har gwiwar hannu. Ya ɗago hannun yana nuna wa mutanen gidan da suka fito kallo. "Kun gani? Ruwa mai tarbiyya ke nan." Babban masu gadin Dafna kuwa yana tsaye da bokiti, ana ce masa zuba, tsaya, wa ya ce ka zuba haka. Dutsen guga na lantarki ma bai tsira ba, wai ba shi da nauyi, kamar ana shafa wa riga kai. Ya danna masa nauyin jikinsa duka. Da safe ɗansa ya fito zai tafi aiki, Malam ya zagaya shi, ya cire wani zare a kafaɗa, ya ce, "Tafi."

Sauran kwanakinmu a Doha injin nan hutu ya samu, shi da aka saya don aiki. Nas ce ta fara kawo kayan asibitinta, daga nan direbobin ɗakin baya, daga nan wani mai gadi daga gidan da ke kallonmu. Ɗanmu na ta ƙorafi wai ya kawo ubansa hutu an mayar masa da gida bakin gulbi, amma shi ya sayo igiyar shanya. Malam ya yi ƙiba, ya koma yi wa kowa faɗa. Rigar da ta tafi dai ba ta bar shi ba. Da muka koma gida ya ce kada in gaya wa kowa, ni kuwa kafin mu kwance kaya unguwa ta ji. Abokansa na bakin gulbi suka riƙa tsokanarsa, "Malam, har yanzu ko hankici?" Da fari sai ya ɗaure fuska. Daga baya ya koma gyara zama yana cewa, "Riga ɗaya. A ƙasar waje. Kuma teku ce ta zo da kanta ta ɗauka, ku wa ya taɓa zuwa muku?"

Daminar da ta biyo baya ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ya daina zuwa gulbi, daga baya ya daina fita tsakar gida. Akwai abin da ban gaya miki ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa wanke masa ko ɗan ciki ba, bai yarda ba. Nawa zannuwan ma shi ke haɗawa da kayan mutane ya dawo mini da su a ninke, matan unguwa na yi mini dariya a fili suna jin haushi a ciki. Ranar da zai tafi, da hantsi, ina ba shi koko hannunsa ya yi rawa ya zuba a gaban kaftani. Na cire masa rigar, na lulluɓe shi da zane, na fita da ita. Na wanke ina kuka, ban san ko sabulun ya isa ba, ban san ko ya yi yawa ba. Rana ta ɗan leƙo tsakanin hadari ta busar mini da ita. Na kawo masa. Bayan abin da ya faɗa mini a lokacin nan barci ya ɗauke shi, bai sake magana ba, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Ya karɓi kaftanin ya ɗora a ƙirji, ya bi shi da yatsu a hankali, yana taɓa duk inda ya yamutse. Ya dube ni ta gefen ido.

"Kin murɗe ta kamar ta zage ki. To, sa mini, ina jin sanyi."